Kwandon da Ba Shi da Ƙofa

A bas ɗin da muka shiga daga Oxford Road a Manchester ranar bikin kammala karatuna, kujerar da ke gefena babu kowa, amma Adda ta wuce ta, ta je ta zauna kusa da wani Bature da ya ɗora kare a cinya. Addar da ko a Misau in kare ya gifta sai ta tattare zaninta. Har muka isa Withington tana zaune a takure, karen yana shinshinar gefen mayafinta, ita kuwa ta kafa wa taga ido.

Adda mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari. A danginmu ana kunyar ɗan fari, kuma Adda ta riƙe abin da hannu bibbiyu. Ana yaye ni aka kai ni gidan kakata Inna, na tashi cikin ƙannen mahaifiyata, na ji suna ce mata Adda, ni ma na bi sahu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. In ta kama dole sai ta ce “waccan” ko “'yar gidan Inna”. In tana da saƙo gare ni, wanda ke kusa take gaya wa, ko da ina tsaye a wurin. Ban taɓa ɗaukar hakan ƙiyayya ba, haka na ga ana yi a wasu gidajen. Sai dai ni ma na tashi ba mai yawan magana ba, na fi iya kallo.

A wannan zuwan nata kuwa ina da magana a ciki. Wani lab da ke gwajin ruwan sha a Birmingham ya ba ni aikin shekara biyu, suna jiran amsata. Babanmu ya rasu, don haka maganar Adda ita ce magana. In ba ta ce in zauna ba, kayana zan haɗa in bi ta. Na roƙi Kawu Sanda, wanda ya rako ta daga gida, ya shigar mini da zancen. Ya ce ya gaya mata, ta ce ta ji, sannan ya wuce London wurin wani abokinsa. “Na ji” kuwa ba e ba ce, ba a'a ba ce. Ranar komawarta tana ta matsowa, ni kuma duk lokacin da muka rage mu biyu a falo sai ta tuna ta bar wani abu a kicin.

Gidan da nake haya na Anti Celestina ne, nurse ce 'yar Jos da ta daɗe a Manchester. Ita da Adda jininsu ya haɗu tun ranar farko. Tare suka je Cheetham Hill sayen tsaraba, suka dawo da jakunkuna da dariya, Adda tana zuba kamar rediyo. Ina shigowa sai a kashe rediyon.

Wata safiya Anti ta tare ni a kicin ina wanke kofi.

“Zuhra, kin yi wa mamanki maganar job ɗin nan?”

“Kawu ya yi mata.”

“Kawun ne zai zauna a Birmingham?”

“Anti, ba ma irin wannan maganar ni da ita.”

“Na sani, na yi maƙwabtaka da irinku a Bukuru. Amma naku ya yi too much. Mace ta haye teku ta zo graduation ɗinki, kuna gida ɗaya kuna aike kamar masu gaba. Jiya sai da ta ce mini in gaya wa waccan ta rage heater, ga ki zaune a gabanta. Ni kuma na zama ɗan aike a gidana.”

Na yi dariya, amma idona ya kawo ruwa. Ta dube ni, ta ɗauki jakar aikinta ta fita.

Ba a jima ba ta zo da zancen balan-balan. Abokan aikinta ne suka ba ta tikitin mutum biyu lokacin da ta cika shekara hamsin, na hawa irin ƙaton balan-balan ɗin nan mai kwando a ƙasa. An sha sa mata rana ana sokewa, yau ruwa, gobe iska. Yanzu an ce Asabar da yamma sararin zai yi kyau, kuma daga wani fili a bayan garin Birmingham za a tashi.

“Hajiya, ke za ki raka ni,” ta ce da Adda. “Ko tsoro?”

“Ni da na hau jirgi tun daga Abuja, kwando ne zai gagare ni?”

“To ki sa wando a ƙarƙashin zaninki, don kwandon ba shi da ƙofa, haurawa ake yi.”

“Oho, da girmana za ki sa ni haura katanga kamar ɓarauniya.”

Ni an ce in zo in ɗauki hoto daga ƙasa. Na lura Anti ta nace sai na sa takalmi mai igiya, amma ban kawo komai a raina ba.

Anti ce ta ja mota, Adda a gaba, ni a baya da kwanon abinci. Da muka ratsa Birmingham, ta kan gadojin nan da suka nannaɗe juna, Anti ta ce, “Hajiya, ga garin da wasu ke son zama.” Adda ta dubi dogayen gine-ginen ta ce, “Gari ne babba.” Daga nan ta koma zancen tsadar atamfa.

Filin ciyawa ne shimfiɗaɗɗe, da mota mai jan tirela a gefe. Matuƙin wani dattijo ne mai furfura da jajayen kumatu, sunansa Asher. Da farko ya saki wani ƙaramin balan-balan irin na yara, ya tsaya yana bin sa da kallo har ya ɓace, don ya ga inda iskar sama ta nufa. Ya ce da sassafe ko da yamma kaɗai ake tashi, lokacin da iska ke lafawa. Sannan ma'aikatansa suka kwantar da kwandon a gefensa, suka janyo yadin daga wata ƙatuwar jaka, ja da ruwan ɗorawa, suka shimfiɗa shi a ciyawa. Ban taɓa ganin yadi mai tsawon haka ba. Mutum biyu suka riƙe bakinsa a buɗe, aka kunna wata ƙatuwar fanka, yadin ya fara motsi yana kumbura kamar ƙullin da ya sha yis.

“Celestina, ina injin?” in ji Adda.

“Ki tambayi mai degree, ni allura na sani.”

Adda ta dubi ciyawa. “Ko akwai wanda ya san inda injin yake?”

Ni ma ciyawar na yi wa bayani. Na ce babu inji. Iskar fanka buɗe yadin kawai take yi. Wuta za a hura a ciki, iskar ciki ta yi zafi, iska mai zafi kuwa ta fi mai sanyi rashin nauyi, shi ya sa take yin sama, ta ɗauki yadin, yadin ya ɗauki kwando.

“Kamar yadda toka ke tashi a kan murhu ke nan,” in ji Adda, ita ma ga ciyawar.

Sai ga Asher ya tsuguna bayan murhun gas ɗin da ke saman kwandon, ya murɗa. Harshen wuta ya yi tsalle cikin bakin yadin da wata irin ƙara, har Adda ta ja da baya tana salati. Ya yi ta hurawa yana saki, balan-balan ɗin ya ɗago kai a hankali, ya miƙe tsaye, ya ja kwandon ya zaunar da shi daidai. Ya rufe mana rabin sama.

A nan ne Anti Celestina ta dafe gwiwa.

“Wayyo, my knee. Hajiya, kin ga tsayin kwandon nan? Ba zan iya ba. Likitana ma ya ce in bi a hankali.”

“Ke da kika zagaye Cheetham Hill da ni kamar mai talla?”

“Shi ne ya tayar da ciwon.”

Ta ja Asher gefe suka yi ƙus-ƙus. Ya dawo ya ce ba matsala, amma ba zai ɗauki wanda ba ya jin Turanci ba sai da mai fassara masa, saboda a wurin sauka dole kowa ya ji umarni a kan lokaci. Ya dube ni ya ce, “Ke ce 'yarta? Shigo.”

Adda ta yi wa Anti wani dogon kallo. Na tabbata da sun kasance su biyu, da Anti ta sha magana. Amma sauran fasinjojin sun riga sun shiga, kowa mu yake jira, Adda kuma ba ta son a ce ta ji tsoro. Ta tattare zaninta, ta sa ƙafa a ramukan da aka yi a jikin kwandon, ta haura. Na bi ta.

An raba kwandon gida-gida, matuƙi da tukwanen gas a tsakiya, fasinjoji bibbiyu a kowane gida. Gidanmu bai fi faɗin sallaya ba. Kafaɗata tana gugar tata. Na ji ƙamshin turarenta, wanda na sani tun ina yarinya amma daga nesa.

Asher ya sa muka gwada zaman sauka. A juya baya ga inda aka nufa, a jingina da jikin kwando, a durƙusa, a riƙe igiyoyin da ke ciki da hannu biyu. Kada wanda ya miƙe, kada wanda ya fita sai ya ce a fita, domin in nauyi ya ragu balan-balan ɗin zai sake tashi da sauran mutane. Na fassara a hankali, kaina a ƙasa: “An ce a durƙusa. An ce a riƙe igiya.” Asher ya ce, “In mun zo sauka ki ɗaga murya fiye da haka, 'yata. Wutar nan ba ta barin a ji raɗa.”

Ban san lokacin da muka tashi ba. Ba girgiza, ba gudu irin na jirgi. Na dai ga Anti Celestina tana ƙanƙancewa, tana ɗaga hannu biyu tana tsalle a kan gwiwar nan mai ciwo.

“Ka ji maƙaryaciya,” in ji Adda.

Na ɗauka za mu sha iska a sama. Ko gefen mayafi bai motsa ba, domin tare da iskar muke tafiya. In Asher ya murɗa wuta sai zafi ya sauko mana a ka, ƙarar ta cika kunne. In ya saki, sai shiru irin wanda ban taɓa ji ba a ƙasar nan. Cikin shirun komai na ƙasa yana hawowa: haushin kare, kukan tumaki, wata mata tana kiran yaranta su shigo. Gonaki a yanke da shingen ganye, kore da ruwan ƙasa. Wata siririyar hanyar ruwa da dogayen kwale-kwale a kwance. Inuwarmu tana bin mu a kan alkama.

Adda ta riƙe bakin kwandon, tana kallon waje. Babu mai jin Hausa a sama sai ni, don haka duk abin da ta faɗa, ko da sararin ta gaya wa, ni ce zan amsa.

“Ina za a sauka?”

Na tambayi Asher, ya yi dariya. Na ce, “Ya ce bai sani ba.”

“Direban ma?”

“Ba a juya shi dama ko hagu. Sama da ƙasa kawai yake iyawa. In ya ƙara wuta mu hau, in ya bari iskar ciki ta huce mu sauko. Kowane hawa da inda iskarsa ta nufa, sai ya nemi wadda ta yi masa. Motar can ita ke bin mu a ƙasa duk inda muka faɗa.”

“To ai ya fi direbobinmu gaskiya.”

Wannan ita ce hira mafi tsawo da muka taɓa yi. Na ce a raina in ba yanzu ba, sai yaushe? Na buɗe baki.

“Adda, dama maganar...”

Wuta ta yi ruri a kanmu. Na jira ta mutu. Na sake buɗe baki, na kai ga “aikin da”, Asher ya sake murɗawa don mu haye wasu dogayen itatuwa. Wata tsohuwa da ke gidan kusa da namu ta yi mini murmushi, ba ta san me ake ciki ba. Na ji kamar in zauna a ƙasan kwandon in yi kuka.

Da shirun ya dawo, Adda ce ta riga ni. Ta nuna da haɓa can inda gine-gine suka taru suna ƙyalli cikin hasken yamma.

“Can ne?”

“Can ne.”

Ta daɗe tana kallo. Da ta yi magana, garin take kallo, ba ni ba.

“Da aka kai yarinyar gidan Inna, unguwa ɗaya ce tsakani. In zan je kasuwa sai in zagaya ta bayan masallaci, kada a ce na bi ta ƙofar don in leƙa. Na ce ba komai, in ta girma ta gama karatu za ta zo ta zauna inda zan riƙa jin motsinta. To ga shi.” Ta gyara riƙon da ta yi wa kwandon. “Ba nisan ne ya dame ni ba. Yarinya ce ba baki. Na gani a bas, na gani a shago. A taka mata ƙafa ita ce mai ba da haƙuri. A gida akwai mai yi mata magana. A can wa zai yi?”

Ba ƙarya ta yi ba. Ashe duk kallon tagar nan tana ganina. Na tsaya a gefenta muna kallon garin, rana tana yin ƙasa, har Asher ya ce ya hango filin da aka yanke ciyawarsa, can za mu gwada.

Ya ja wata jar igiya, wani murfi ya buɗe a can ƙololuwar yadin, iska mai zafi ta fita, muka fara sauka. Sai a lokacin na gane gudu muke yi. Iskar ƙasa ta ɗan taso, shingaye suna wucewa a guje. Asher ya ce kowa ya yi zaman sauka, kuma wataƙila kwandon ya kwanta, kada a tsorata. “An ce a durƙusa,” na ce, muka durƙusa muka riƙe igiya.

Gindin kwandon ya shafi kan wata bishiya. Wani reshe ya leƙo ciki, ya kama mayafin Adda, ya fizge shi daga kafaɗarta. Ga maza a kwandon. Kafin in ankara ta saki igiya ta miƙe tsaye, ta miƙa hannu waje har rabin jikinta ya fita, ƙasa kuma tana taho mana.

Ban san daga ina muryar ta fito ba.

“Adda, ki durƙusa! Ki bar mayafin nan! Ki riƙe igiya na ce!”

Na cafki ƙugunta na janyo ta ƙasa da ƙarfi, na danne ta da kafaɗata, na kama hannunta na ɗora a kan igiyar na rufe da nawa. Kwandon ya bugi ƙasa, ya yi tsalle, ya sake bugawa, sannan ya kwanta a gefensa yadin yana jan mu a cikin ciyawa. Ƙasa da kara suna shigo mana. Wani yana ihu, wani yana dariya. Can sai komai ya tsaya.

Muna kwance a kan bayanmu, ƙafafu a sama, kaina a kan kafaɗarta. Ina jin bugun zuciyarta. Sai a lokacin abin da na yi ya dawo mini: na yi wa Adda tsawa a gaban mutane, na finciko ta kamar yarinya. Na buɗe baki zan ba da haƙuri, na ji jikinta yana rawa. Dariya take yi, marar sauti, har da hawaye.

“Ashe akwai murya,” ta ce.

“Adda, ki yi haƙu...”

“A'a, kada a ɓata.” Ta numfasa, tana kallon yadin da ke saki a hankali a kan ciyawa. “Wadda ta iya daka wa uwarta tsawa haka, ban ga Baturen da zai taka ta ba. A karɓi aikin. Allah ya sa albarka a ciki, ya tsare gaba da baya.”

“Amin, Adda. Amin.”

“Kuma a riƙa kira ranar Juma'a. A wayata, ba ta Sanda ba.”

Uwarta. Ban taɓa jin ta faɗi kalmar nan a kaina ba. Na bar hannuna a kan nata, ita ma ba ta janye ba har Asher ya ce to, yanzu a fito.

Da rarrafe muka fita. Motar ta iso ta ƙofar gonar, wani daga cikin ma'aikatan ya je ya ciro mayafin, ya dawo da shi da 'yar yagewa a gefe. Aka ce kowa ya sa hannu a naɗe yadin. Muka bi shi muna matse iskar da ta rage, muka tura shi cikin jakarsa, Asher ya sa mutane suka zazzauna a kai don ya shige. Adda ma ta zauna, tsohuwar nan tana yi mata Turanci tana amsawa da Hausa, kowa ya gamsu. Sannan aka buɗe bayan mota, masu shan giya aka zuba musu kamar yadda aka saba bayan sauka, mu aka ce akwai ruwan tuffa.

Na koma gefen tirelar na zauna. Ina neman Anti Celestina da ido. Ina so in gaya mata abin da ya faru, in gode mata, ko da yake na san in na fara kuka ne zai riga maganar fita. Tikitinta ne na cika shekara hamsin, ta daɗe tana jiran ranar nan, ta ƙare a bayan mota tana bin mu ta lungunan ƙauye.

Adda ta zo ta tsaya a bayana. Na yunƙura zan ba ta wuri, ta dafa kaina ta mayar da ni.

“A zauna. Duk ciyawa ce a hijabin.”

Ta fara tsince mini ita ɗaya bayan ɗaya, a hankali, tana hurewa daga yatsunta. Na sunkuyar da kai na bar ta.

Ta ƙasan ido na hango Anti ta taho daga wajen motar, kofin takarda a kowane hannu, bakinta a buɗe da tsokanar da ta tanado. Ta zagayo tirelar ta gan mu. Ta tsaya. Ta ajiye kofunan a kan ƙarfen tirelar yadda ba za su yi ƙara ba, ta juya ta bi gefen shingen ta koma wurin sauran mutane.